Jakar Goyon Auta

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Mai Tanti ya san ba a shigarsa da gaggawa. Shago ne dogo mai ƙunci a ƙarshen layin 'yan gwanjo, tsakanin mai gyaran fanka da wata mata mai sayar da labule. Tantuna a nannaɗe suna rataye a rufi, tare da ragar kwanciya irin wadda ake ɗaurewa tsakanin bishiya da bishiya. Bango kuwa jakunkunan goyo ne tun daga ƙasa har inda hannu ba ya kaiwa. A can ƙurya keken ɗinkinsa yake, kusa da wasu ƙananan buhunan yashi da baƙo kan ɗauka na kashe gobara ne.

Ƙuruciyarsa duk a bayan ma'aikatan awon ƙasa ya ƙarar da ita. Shi ne mai ɗaukar kaya, shi ke kafa tanti in an sauka, shi ke kwance shi in za a tashi. Ya kwana inda ruwa ya bi ta ƙarƙashin shimfiɗarsa, ya kwana inda iska ta yi gaba da rufin ta bar su da turaku. Abin da ya samo daga dajin nan bai wuce gwiwa mai ƙara ba, sai kuma taurin kai a kan duk abin da ake goyawa a baya.

Ba ya sayar maka da jaka don ka ce kana so. Sai ya tambaye ka ina za ka, da wa, a ƙafa ko a mota, lokacin ruwa ko na rani. Mai gyaran fanka yakan leƙo ya ce ko mai neman aure ba a yi masa irin wannan titsiye. In an zaɓi jakar, sai ya ɗura mata buhunan yashi, ya goya maka, ya ce ka je ƙarshen layi ka dawo, shi kuma yana tsaye bakin ƙofa yana kallon tafiyarka. Karatunsa ɗaya ne, kuma ya maimaita shi har mai labule ta haddace: ƙugu ke ɗaukar kaya, kafaɗa riƙo kawai take yi. A bayan kowace jakar kirki akwai inda ake ɗaga maɗaurin kafaɗa ko a sauke shi daidai da tsawon bayan mutum. Nan yake ɓata lokacinsa. In ya samu daidai, sai ya ɗauko basilla da jan zare ya kama wurin da ɗinki don kada ya zame a hanya. Wanda ya ga jan zaren nan a jaka ya san daga hannun wa ta fito.

Masu sayensa sanannu ne. Ɗaliban da ake kaiwa nazarin duwatsu, waɗanda launin jaka kawai ke gabansu. Ma'aikatan rigakafi masu shiga ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Masu kiwon zuma, waɗanda suka fi son ragar kwanciya saboda tururuwa. Daga baya wasu irin samari suka fara zuwa, su ba sa ko ɗaga kai su dubi tanti. Baƙar jaka suke nema, su ɗaga ta a hannu su auna nauyinta, su laluba ko tana da ɓoyayyen aljihu, su tambayi gorar ruwa nawa za ta ci. Mai Tanti bai taɓa tambayarsu ina za su ba, don ya sani. Masu ƙetare iyaka ne a ƙafa, neman abin da suka ce babu a gida. Yakan daidaita musu jakar fiye da ta kowa, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ja bakinsa ya tsuke. 'Ya'yan wasu ne, kuma shi jaka yake sayarwa.

Ɗansa namiji ɗaya ne, bayan mata da duk suka yi aure, shi ya sa har ya yi gemu ana ce masa Auta. Ya gama karatu ya zauna, ya yi gyaran waya ya bari, ya bi wani kamfani da takardunsa har takalminsa ya cinye. Ya taɓa yi wa uban maganar fita waje sau ɗaya, ana cikin cin abinci, Mai Tanti ya daka masa tsawar da har maƙwabta suka ji. Tun daga ranar Auta bai sake tayar da zancen ba, uban kuma ya ɗauka shirun nan haƙura ce. Mutumin da ke gane nufin baƙo daga yadda ya riƙe jaka, ya kasa gane ɗan da yake kwana gida ɗaya da shi.

Wani hantsi Auta ya shigo shagon, abin da ba ya yi. Ya ce shi da abokinsa Dogo za su hau dutse da wasu abokai su sha iska kwana biyu, yana son jaka. Murna ta kama tsohon har gwiwarsa ta manta da ciwo. Ya taka kujera ya sauko da wani tanti da ya daɗe yana hana masu saye, ya shimfiɗa shi a ƙasa yana nuna masa ɗinkin, da gidan sauron da ke ciki, da yadda ake karkata turke ya ba iska baya. Auta ya ce tantin zai yi nauyi, abokai suna da shi. Uban ya ce to ga ragar kwanciya, ba ta fi riga nauyi ba. Auta ya ce a bar ta. Sai ya miƙa hannu ya zaro wata baƙar jaka daga bango, ya ɗaga ta yana aunawa, ya zuge zif ɗin, ya tura yatsu yana laluben cikinta.

Nan take Mai Tanti ya gane inda ɗansa ya nufa. Ya tsaya da turke a hannu yana kallon yatsun ɗansa suna neman aljihun nan. Ya so ya yi magana, amma ya san abin da zai fito daga bakinsa tsawa ce, kuma tsawar ce ta kawo su inda suke. Sai ya tuno sababbin 'yan dako a zamanin awon ƙasa, ƙarti majiya ƙarfi, waɗanda jakar da ba ta zauna ba kan sa su ajiye aiki kafin rana ta raba. Ya san hanyar samarin nan, sai an yi doguwar tafiyar ƙafa kafin a kai inda ba a juyowa. Ya ce a ransa, in kafaɗa ta ɗauki wuta tun a ranar farko, yaron nan zai dawo.

Ya karɓi jakar ya juya bayanta, ya sauke maɗaurin ƙasa da inda ya kamata, yadda ɗamarar jakar za ta hau cikin Auta ta bar ƙugu, nauyin duka ya rataya a kafaɗa. Yashin ma kaɗan ya zuba. Auta ya je ƙarshen layi ya dawo.

"Baba, kamar ta ɗan hau sama."

"Haka sabuwa take. Za ta zauna."

Bai taɓa yi wa mai saye ƙarya a kan jaka ba sai ranar. Ya ɗauko basilla, ya kama wurin da jan zare, ya ƙulle. Auta ya tsaya yana kallonsa, ya yi godiya fiye da yadda ake yi wa uba godiyar jaka, ya fita.

Kwana biyun suka wuce, uwar Auta ta fara leƙen ƙofa. Mai Tanti ya ce ta kwantar da hankalinta, yana nan tafe, har ya biya kemis ya sayo man shafawa da bandeji ya ɓoye a aljihun keken ɗinki. Ya ma shirya abin da zai ce: ba zai yi faɗa ba, zai wanke ciwon, ya ce ga shago nan ya ishe su su biyu. Daga baya Auta ya kira uwarsa a waya, magana gajera, ya ce su yafe masa, ya yi nisa. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Mai Tanti bai gaya mata abin da ya yi ba, ya ci gaba da buɗe shago, ido a kan bakin layi.

Sai da damina ta zo ta wuce sannan Dogo ya dawo, shi kaɗai, ya rame har wuyansa ya ƙara tsawo. Bai je gida ba, shagon ya zo, ya durƙusa kusa da buhunan yashi. Ya ce shi zazzaɓi ne ya kayar da shi a hanya, wasu masu dawowa suka taho da shi. Auta ya wuce gaba da sauran. Lokacin da suka rabu yana da rai, yana tafiya da ƙafarsa.

Mai Tanti ya yi ta juya tambayar a bakinsa kafin ta fito. "Jakar fa? Ba ta dame shi ba?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Ya ce tun ranar farko ta yanke masa kafaɗu, kashegari riga ta manne da ciwon, sai an jiƙa ta da ruwa take fita. Tsumma yake cusawa a ƙarƙashin maɗaurin. Wani a cikin tafiyar da ya san kan jaka ya duba ya ce ai an sauke ta da yawa, a kawo reza a farke zaren nan, yanzu a gyara.

"Ya farke?"

"Ya hana, Baba. Har faɗa suka yi. Ya ce kai ka ɗinke da hannunka, kuma kai ba ka taɓa kuskuren jaka ba. Ya ce kafaɗarsa ce ba ta saba ba, za ta zauna."

Mai Tanti ya dafa keken ɗinki ya zauna. Baƙin cikin da ya taso masa bai san akwai irinsa ba, don ya daɗe da shirya wa fushin ɗansa, bai shirya wa wannan ba. Can ya miƙe ya ciro wata jaka daga bango, ya juya bayanta a gaban Dogo, ya ɗora yatsa a kan wurin. Ya ce in ya samu Auta a waya, ya gaya masa uban ne da kansa ya ce a farke, a ɗaga maɗaurin zuwa nan, a ɗaure ɗamarar a kan ƙashin ƙugu. Ya ce ya gaya masa kuskure aka yi. Ya sake nunawa a hankali, yadda yake yi wa ɗalibai, har ya kama hannun Dogo ya ɗora a wurin don kada ya manta.

Dogo ya bar shi ya gama, sannan ya ce tun ranar da suka rabu lambar Auta ba ta shiga.