Taisiya da jar saniyarta

Shekara arba'in Taisiya ta yi tana tatsar jajayen shanun Gorbatov a gandun gwamnati, bakin kogin Oka, har yatsunta suka kanannaɗe. Kakanta ya ce wani mai gona ne ya kawo bijimai daga duwatsun Tirol, suka barbari ƙananan shanun ƙauye, aka samu wannan iri mai jan gashi da farin ƙaho. Madararsu ba ta cika bokiti, amma maiƙo gare ta, ga nama, ga shi ciwo bai cika kayar da su ba.

Sai masu ilimi suka zo da shanu masu dabbare-dabbaren fari da baƙi, aka bi jajayen da wuƙa. Taisiya ta tsira da guda ɗaya, Ryabina, suka tsufa tare. Burinta bai wuce Ryabina ta haifi jar 'yar maraƙa kafin haihuwa ta ƙare mata ba.

Gennadi likitan dabbobi ya sha zuwa da irin baƙon bijimi a cikin kwalba. "Kaka, ki bari in yi mata mana. Ɗan maraƙi ai ɗan maraƙi ne."

"Kai ma da uwarka ta ce haka, da ba mu san ɗan wa za ka zama ba. Kwashe kwalabenka!"

A lokacin kaka ta samu labarin cewa tsoho Yefim, a tsallaken kogi, yana da jan bijimi, shi kaɗai ya rage a yankin. Jirgin fito ya daɗe da daina aiki, gada kuma tafiyar kwana uku ce ga tsohuwar saniya. Dole ta jira kogi ya daskare. Kullum da safe takan je ta ƙwanƙwasa ƙanƙarar da sanda. Abin haushi, ita da aka haifa a nan ta manta cewa sanyin da ke daskarar da kogi shi ne wanda mutane ke jira su yi yanka, don nama ya ajiye kansa.

Ranar da ƙanƙara ta yi ƙarfi, ta lulluɓa wa Ryabina bargo, suka tsallaka a hankali. Yefim ya tare ta a ƙofa, ya dubi saniyar, ya sunkuyar da kai.

"Shigo ki ji ɗumi tukuna, 'yar'uwa."

Matarsa ta ajiye mata kwanon miyar kabeji, nama dam a ciki. A waje Ryabina tana ta kuka a bakin garke, ba mai amsa mata.

"Ina yake, Yefim?"

"Shekaranjiya na yanka shi. Ciyawa ta ƙare mini, ƙarfina ma haka. Wallahi da na san kina tafe..."

Taisiya ta ture kwanon. Ta fita ba sallama, ta kwance igiyar Ryabina.

"Zo mu tafi gida, tsohuwa," ta ce. "Saura ni da ke."