Gidan da Yara Ba Sa Kuka

Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i, Dada takan sa a tara karan gero a tsakar gida a hura wuta. Dada kakata ce ta wajen uba, a wani ƙauye bayan Roni. Bafillatana ce da ta tsufa cikin Hausawa, amma in ranta ya ɓaci sai harshenta ya koma gida. Mukan baje a tabarma, mu tura gyaɗa cikin toka, shanun Baffa, ƙanen babana, suna tuƙa a bayan danga. Kusa da ni kullum Binta ce, 'yar maƙwabtanmu. Mayafi ɗaya muke lulluɓa da shi.

Dada ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta gyara wuta, ta ce, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa." Mu haɗa baki, "Ta shigo mu ji ta!"

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta kurciya da ɗanta matsoraci. Ko ganye ya faɗo sai ya shige ƙarƙashin fiffiken uwarsa. Da kaka ta yi, dole kurciya ta fita kalar gero, sai ta kai shi gidan kaza raino. Gidan kaza kuwa hayaniya ce, 'yan tsaki ko'ina. Da yamma kaza ta ce mata, "Ɗanki yini ya yi yana kuka." Washegari ma haka. Kurciya ta ji haushi, ta ɗauke shi ta kai shi gidan kyanwa, inda aka share tsakar gida tas, yara suna zaune a jere, ba ka jin ko tari. Ranar farko ɗan ya yi shiru. Kurciya ta yi ta godiya. Ba ta san abin da kyanwa ke raɗa masa a kunne ba, tana lasar farce: "Ka sake ka yi kuka, uwarka ba za ta dawo ba." Kafin kurciya ta gane, muryar ɗanta ta tafi. Shi ya sa, in ji Dada, har yau take kira da sassafe, ta ɗan tsaya, tana sauraron ko zai amsa.

Na taɓa tambayarta, "Dada, don me kurciya ba ta leƙa cikin gidan ba?"

Ta juya gyaɗa da kara, ta ce, "Ta gaji ne, 'yar nan. Ku ci, ta gasu."

Dada ta rasu ina makarantar sakandare. Na yi aure a Kazaure, na sami aiki a ɗakin ba da magani na wani asibiti. Ɗana Sadiku ya zo da tsoro tun yana goye. Ƙarar babur tana firgita shi, baƙo ya yi sallama sai ya kama zanina. Da ya cika shekara uku, yarinyar da ke taya ni raino ta koma gida Gwiwa, sai na shiga neman makarantar nazire.

Ta farko da na kai shi ƙarama ce, aji biyu da inuwar darbejiya. Malama Rabi, mai ajin ƙanana, ba ta iya ɓoye magana. Kullum na zo ɗaukarsa sai ta ce, "Maman Sadiku, yau ma ya yi kuka har ƙarfe sha ɗaya. Goya shi na yi. Amma ya ɗan taɓa ƙwallo." Mako biyu ina jin wannan. Ina tafiya aiki da kukansa a kunnena, har na kusa ba wata tsohuwa maganin da ba nata ba.

A lokacin Binta, ƙawata ta ƙuruciya, ta buɗe tata makarantar a cikin gari, mai fenti da lilo da mai gadi. Na je na zazzage mata damuwata. Ta riƙe hannuna ta ce, "Haba Hadiza, ina raye kike kai ɗana wani wuri? Kawo mini shi. Kwana uku ya isa."

Kwana ukun kuwa aka yi. Sadiku ya daina kuka. Sai ya shiga ƙofa kansa a sunkuye, ko waiwaye ba ya yi. Har tsire na aika wa Binta don murna. Da ya fara fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, na ce sanyi ne. Da ya rage magana, babansa ya ce girma ne.

Wata Laraba aka tashe mu daga aiki da wuri, na hau adaidaita na ce bari in ɗauke shi mu ci abinci tare. Ba ya cikin aji. Malamar ajin ta fara kame-kame. Wata yarinya ta nuna da yatsa ta ce, "Anti ta sa shi a sito."

Na ruga siton, na zare sakata. Yana zaune a kan tabarmin da aka naɗe, tsakanin karyayyun kujeru, cikin duhu, ya toshe bakinsa da hannu biyu. Hawaye na zuba, amma babu sauti. Da ya gan ni, abin da ya fara faɗa shi ne, "Mama, ban yi kuka ba. Ki dawo."

Na shiga ofishin Binta da shi a kafaɗa. Na yi zaton za ta ce ba da saninta ba, kuma da na yarda. Sai ta cire tabarau ta ce, "Minti kaɗan ne fa. In an bar shi sai ya tayar da ajin duka. Ai ke kika ce kina so ya daina kuka."

Na juya na fita.

Bayan wata guda a gida, na mayar da shi wajen Malama Rabi, kunya kamar ta kashe ni. Ba ta tambaye ni inda muka je ba. Ta ce in riƙa zama a bakin taga na ɗan lokaci kowace safiya, kuma kada in taɓa sulalewa ban yi masa sallama ba. Kwana huɗu bai yi ko uffan ba. A na biyar ya fashe da kuka har ana ji daga titi, Malama Rabi ta leƙo ta ce, "Alhamdu lillahi, ya dawo." Sai da aka yi mako shida kafin ya saki hannuna da kansa.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan a kan muguntar kyanwa take. Yanzu ba na iya jin ta ba tare da na ga kaina ina tsaye a ƙofar gida mai shara, ina godiya, ban leƙa ciki ba. Wadda ta gaya mini gaskiya na guje ta, don gaskiyarta tana hana ni barci.

Mun haɗu da Binta a wani biki a Roni bara. Ta miƙo hannu za ta shafa kan Sadiku, ya koma bayana, ni kuma ban ce masa ya gaishe ta ba. Har yau ban yafe mata ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk daɗewar nan ban sami amsar maganarta ba. Na faɗa. Da bakina na ce ina so ya daina kuka.