Takardar da Aka Ɗinke a Cikin Laya

Shekarata ta tara ke nan a Makka, ina ɗinki a wani shago a unguwar Mansur ƙarƙashin kafili, wato ubangidan da ya tsaya mini, mai sauƙin kai, lokacin da hukuma ta yi shelar afuwa. Aka ce duk wanda ke zaune ba takarda ya fito ya kama hanyar ƙasarsa cikin wa'adin da aka ɗiba, ba tara ba ɗauri. Ni abin bai shafe ni ba, don iƙamata, takardar izinin zama, tana aljihuna. Gwaggo ya shafa.

Ƙanwar mahaifina ce. Ta zo aikin Hajji da mijinta tun ina makarantar allo, suka yi zamansu. Mijin malami ne, Allah ya yi masa rasuwa a nan, a nan aka binne shi. Ita kuma ta ci gaba da zama a ɗaki ɗaya a unguwar Tandabawi, tana sayar wa matan unguwa daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, kuma a Kano suka bar ta wurin kaka tana 'yar shekara huɗu, da niyyar a aiko da ita daga baya. Ba a aiko ba. Yarinya ta girma, ta yi aure, ta haifi nata, uwa da 'ya ba su san juna ba sai ta waya. Ana saura 'yan makonni a yi shelar nan aka kira mu aka ce 'yar ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye, magana ma da ƙyar.

Ran Juma'a bayan an sauko na je gaishe da Gwaggo. Ko tabarma ban gama zama ba ta ce, "Babana, gida zan tafi." Haka take kirana, don sunan mahaifinta aka sa mini.

Maƙwabciyarta na zaune tana tsince wake. Tsohuwa ce Bazazzagiya, shekara da shekaru suna tsokanar juna irin ta Kanawa da Zagezagi. Ta ɗaga kai ta ce, "Ji mini Bakanuwa! Kin yi noma, kin yi maimai, sai lokacin girbi ki bar gona? Saura ƙiris fa ki mutu a Makka a sallace ki a Harami."

"Ke ki tsaya ki mutu a madadina, baiwata, na ba ki ladan."

"Wa ya ga baiwa! Ku da ko kabari sai kun yi cinikinsa."

Suka yi dariya, amma idon Gwaggo na kaina. Ta ce, "Ƙasar da za a binne ni Allah ya riga ya rubuta. Yarinyar can kuwa ba ta da mai juya ta a kan gado. Je ka tambayo mini abin da ake bukata."

Washegari na roƙi kafilina hutun yini, na hau mota zuwa ofishin jakadancinmu a Jidda. Ma'aikacin da na samu ya yi mini bayani a tsanake, ni kuma ina rubutawa da ajami a bayan takardar awon riga, don shi ne rubutun da hannuna ya fi saurin yi. Hotuna masu farin bango. Shaidu biyu masu iƙama. Sai kuma wani abu da zai nuna 'yar ƙasarmu ce: tsohon fasfo, ko lambarsa, ko takardar haihuwa. In an samu waɗannan za a ba ta takardar tafiya ta gaggawa, da ita za a je a ɗauki zanen yatsunta a buga mata izinin fita, sannan a sayi tikiti.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsohuwa ce, Hausarta kaɗai ta isa shaida."

Ya yi murmushi ya ce, "Malam, leƙa layin nan. Daga Nijar har Sudan kowa Hausa yake yi. Kawo mini ko da ƙyallen takarda ne."

Da na koma na faɗa mata duk abin da ya ce. A zamanin da suka zo, wanda ya ƙudura zama yakan rabu da fasfonsa, ya ƙone ko ya jefa a shara, don kada a kama shi da shaidar inda za a mayar da shi. Na ɗauka nasu ma haka aka yi. Sai ta ce wa maƙwabciyar, "Rufe mana ƙofa."

Ta sa hannu cikin rigarta ta kwance wata igiya daga ƙugu. Layu bakwai ne a jere, duk girmansu ɗaya, fatar ta yi baƙi ƙirin tana sheƙi saboda daɗewa a jiki. Ban taɓa sanin tana da su ba. A garin nan ba a nuna laya, don wanda aka gan shi da ita yana iya shiga tambayoyin da bai shirya wa ba.

Ta ce, "Malam ya ƙone fasfunan, amma bai iya ƙone shafin da ke da sunayenmu ba. Ya yanke, ya naɗe, ya ba wani baduku ya ɗinke tare da waɗannan. Sai yana ciwon ajali ya faɗa mini. Bai ce wacce ba, ni ma ban tambaya ba."

"To ai sai a buɗe, Gwaggo."

"Kai da ka yi karatu, ka taɓa ganin an farke laya ta ci gaba da aiki?"

Ni dai abin da na sani, tsari na Allah ne, ba na fata da zare ba. Amma ban faɗa mata haka a ranar ba. Na lura ba tsarin ne kawai ke damunta ba. Malam bai bar gida ba, bai bar gona ba. Waɗannan ne kaɗai abin da ya rage mata da hannunsa ya taɓa.

Kwana uku tana juya maganar. A rana ta huɗu ta aiko a kira ni, ta ce in zo da reza.

Bayan la'asar ne. Na yi alwala, na shimfiɗa farin ƙyalle, maƙwabciyar ta zauna a bakin ƙofa da farantin wakenta don ta tare masu zuwa sayen daddawa. Na bi layun ɗaya bayan ɗaya ina matsawa da yatsa, ina tunanin wadda ke da hoto za ta fi tauri. Na zaɓi ɗaya, na yi bisimilla, na yanke zaren. A ciki akwai ƙyalle, a cikin ƙyallen akwai takarda naɗe da farin zare. Ayoyi ne, da tawadar gida, rubutun Malam mai kauri irin na mutanenmu. A gefe ya sa da ajami cewa ta ciwon kai ce.

Ta biyu ma ayoyi ne, ta tsarin hanya. Ta uku na buɗe na ga addu'a, a ƙarshenta sunan 'yarsu da roƙon Allah ya raya ta ya haɗa fuskokinsu. Na so in wuce ban karanta ba, amma Gwaggo ta ce, "Me ya ce a nan? Na ga bakinka ya tsaya." Na karanta mata. Ba ta yi kuka mai sauti ba, sai dai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na ajiye rezar na ce, "Gwaggo, mu dakata. Bari in sake komawa Jidda, wataƙila akwai wata hanya. Ko a aiko da wata takarda daga gida."

"Wace takarda? Ni da aka haife ni a ɗaki? Wa'adi na tafiya kana cewa wataƙila."

Ta miƙo hannu ta ɗauki rezar da kanta. Idonta ba ya gani sosai, da lalube ta nemo ɗinkin, ta yanki babban yatsanta kaɗan, ta tsotse jinin ta ci gaba. Ta huɗu ayoyi. Ta biyar ta fito da takarda mai wani launi dabam, na warware a hankali, sai ga Malam da ƙuruciyarsa, gemu baƙi, ya zare ido kamar mai hoto ya ba shi tsoro.

Maƙwabciyar ta leƙo ta ce, "Ashe kyakkyawa ne. Me ya gani a wurinki?"

"Abin da naki bai gani a wurinki ba," in ji Gwaggo, tana yanka ta shida.

Nata shafin ne. Gumi ya ci rabin hoton, naɗin ya kusa raba takardar gida takwas, amma suna da garin haihuwa da lamba duk suna nan. Ta bakwai ba mu taɓa ba. Ta ba maƙwabciyar ta ce ta ajiye, tunda ba za a bi da ita ta wurin bincike ba. Ayoyin kuwa na jera su a ambulan mai tsabta, ta sa a cikin Alƙur'aninta.

Na tafi da shafin shago. Abokin aikina ya ce a goge da dutsen guga, na hana, don na ji tsoron zafi ya cinye sauran tawadar. Na sa shi tsakanin ƙyalle biyu na ɗora kan keken ɗinki a kai har kwana biyu. Ya miƙe, na sa shi a leda. Shi wannan abokin aikin nawa ya yarda ya zama shaida na biyu.

Sau uku muka je Jidda. Ranar farko layi bai kai kanmu ba. Ta biyu aka ce mayafi ya yi wa fuskarta inuwa a hoto, sai an sake. Duk zuwa tun asuba take shirye, da gorar ruwa da dabino a ƙulle, kuma ko sau ɗaya ba ta ce ta gaji ba. Na ce ta zauna in riƙe mata layi, ta ce wanda zai yi tafiya shi ke tsayuwa.

A zuwa na uku muka isa gaban ma'aikacin nan. Ya zaro shafin daga leda, ya dubi layukan naɗin, ya kai hanci ya ji ƙamshin jima. Ɗan gida ne, bai bukaci bayani ba. Ya rage murya ya ce, "Hajiya, a ina wannan ta kwana duk shekarun nan?"

"A jikina, ɗana."

Ya dubi rabin hoton, ya dube ta. "Ke ce wannan?"

"Da dai ni ce."

Ya yi dariya, ya tambaye ta unguwarsu a Kano da ƙofar da ake bi a shiga. Ta ba shi amsa har da rijiyar da ke bayan masallaci da gidan masu rini, sai da ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Muka sa hannu, ni da abokin aikina. Kafin azahar takarda ta fito. Sauran matakan suka zo da sauƙi cikin ikon Allah, ko da yake sai da aka yi ta goge mata yatsu kafin na'ura ta karɓa, saboda aiki ya shafe zanensu.

Ana gobe za ta tashi na kai ta Harami ta yi ɗawafin bankwana. Na nemo keken turawa, ta ƙi hawa. Ta dafa kafaɗata muka yi zagaye bakwai a hankali, jama'a na wuce mu. Da muka gama ta daɗe tana kallon Ɗakin Ka'aba, leɓɓanta na motsi. Sannan ta juya, ba ta sake waiwaye ba har muka fita.

Ta sauka Kano lafiya, jikokin da ba ta taɓa gani ba suka tarye ta. Bayan kamar kwana goma na kira in ji yadda suke. Ta ɗauka tana faɗa, ana jin ƙarar cokali a kwano. Ta ce mai jiki da sauƙi, har ta fara ɗaga hannu kaɗan, amma ta ɓullo da sabon hali: duk wanda ya kawo mata kunu sai ta kawar da kai, ko 'ya'yanta ne, sai in ita Gwaggo ce ta ba ta a baki.

"Mace da 'ya'yanta, Babana, tana mini shagwaɓa. Ajiye wayar nan, kunun zai huce."