Motar Baba Ta Tafasa a Hannuna

Wata biyu da rasuwar Baba motarsa ta fara tafasa a hannuna. Tsohuwa ce doguwa, ruwan toka, ta girmi autarmu, amma duk shekarun da ya yi yana tuƙa ta ban taɓa ganinsa a gefen titi da bonet a buɗe ba. Ni kuwa sati uku kacal da karɓar makulli, ina hawan tudun nan na bayan Gada Biyu da tsakar rana, sai allurar zafi ta miƙe ta shige ja, tururi ya turnuƙe gilashi. Na tsaya a tsakiyar hanya, masu keke suna ta zuba mini hon kamar da gangan na yi.

Da na koma gida Gangare, yayana, wanda ragamar gidan ta koma hannunsa, ko kallon motar bai yi ba. Ni ya kalla.

"Dama na faɗa. Kai ko baro aka ba ka sai ka ga bayansa."

Ina da saurin fushi, kowa a gidanmu ya sani, amma ranar na shanye, domin a raina na yarda da shi. Ya ce nan da Asabar in ba ta daidaita ba zai kira 'yan gwangwan su ja ta, ba za mu zauna muna kiwon ƙarfe ba. Wallahi maganar ta soke ni. Kujerar direba har lokacin da lotsawar jikin Baba, kuma ba na so a riƙa cewa a hannuna ta mutu.

Babu abin da ban yi ba. Na canza murfin lagireto. Na sa an wanke cikinsa har sau biyu. Na koma yawo da jarkar ruwa biyu a but, ina tafe ina duban allura fiye da yadda nake duban hanya. Wani makanike a bakin titi, ko tayar da ita bai yi ba, ya leƙa, ya tsotsi haƙori, ya ce, "Oga, gasket ne ya ƙone, sai an sauke inji." Na ce daga kallo kawai? Ya ce shi aikinsa ne. Na ja tsaki na tafi.

Akwai mutum ɗaya da nake ta gudu: tsohon makaniken Baba a Kabong. Abokinsa ne tun suna samari a kamfanin kuza, Baba yana tuƙa babbar mota, shi yana gyara ta. Kirista ne ɗan asalin nan Jos, ranar jana'iza ya tsaya a rana har aka watse. Oga muke ce masa duk da a haife ya haife mu. Kunya ce ta hana ni zuwa, kada ya ga yadda na mayar da motar abokinsa. Sai da Asabar ɗin ta zo na lallaɓa da sassafe, tun gari da sauran sanyi.

Yana jin ƙarar ya ɗago daga kan benci. "Motan nan na san muryan shi," ya ce da irin Hausarsa. Na gaishe shi, na zayyana masa komai, har da hukuncin gasket.

"Wa ya gaya maka?"

"Wani ne a bakin titi, Oga."

"Ya buɗe me?"

"Bai buɗe komai ba."

Oga ya ɗaga bonet. Ya zaro sandar baƙin mai ya shafa a yatsa, ya nuna mini: baƙi wuluk. Ya ce da gasket ya tafi da na gan shi kamar shayi da madara. Ya jira inji ya huce, ya buɗe lagireto, ya ce in tayar. Muka sa ido a bakin, ruwan yana zagayawa lafiya, ko kumfa ɗaya. Ya zagaya baya ya dubi salansa, babu farin hayaƙi. Ya sa na kashe, ya danna fambel da babban yatsa, ya matsa tiyo na sama da na ƙasa, ya leƙa ƙarƙashi ko famfon ruwa yana ɗiga. Duk abin da ya taɓa sai ya ce, "Ba shi ba ne." Ni dai hankalina ya fara kwanciya, amma ban saki jiki ba, tunda ai tana tafasa.

"Da safe yana yi?"

"A'a, da safe lafiya lau. Sai rana ta take, ko in ina hawan tudu."

Ya tsaya cak yana kallona. Sai ya ce in sake tayarwa. Ya ciro hankici daga aljihu ya riƙe shi a gaban mota, daidai ragar nan da iska ke shiga. Ya ce in fanka tana jan iska, ya kamata hankicin ya manne. Hankici ya yi laƙwas, ko motsi.

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa har ƙara take, ya kwance kusoshi huɗu ya cire ragar. Ya zura hannu ya jawo wani abu mai faɗi, ya yi baƙi da maiƙo har ba ka bambanta shi da ƙarfe. Kwali ne. Kwalin sabulu, an yanke shi daidai faɗin lagireto, ya toshe fiye da rabinsa.

Na ce, "Kai! Wane ɗan iska ne ya cusa mini wannan?"

"Yi hankali da bakinka, ɗana. Babanka ne."

Ashe dabarar direbobin kuza ce. Sanyin Jos in ya kankama, inji ba ya ɗumi da wuri, sai su tare iska da kwali. Duk shekara Baba yakan saka da kansa in sanyi ya shigo, in bazara ta kawo kai ya zo nan Kabong a cire, su zauna su sha shayi su yi ta musun wanda ya fi wani tsufa. Ba wanda ya sani a gida, mu da ko bonet bai bari mu buɗe.

"Bana bai zo ba," in ji Oga. Ya juya kwalin a hannunsa, ya daɗe bai ɗago ba.

Na zauna a kan bencin na yi wata ajiyar zuciya da ban san tana cikina ba. Dariya ta kama ni, hawaye na zuba, na rasa wanne zan tsayar. Kwana da kwanaki ina zagin kaina, ashe iska kawai baiwar Allah take nema!

Da gangan na jira rana ta take kafin in tafi. Na bi ta tudun da ta kunyata ni, na taka ta sosai. Allura ta hau zuwa tsakiya ta zauna, ko gezau.

Na tarar da Yaya a ƙofar gida da mai sayen gwangwan, har da igiyar ja. Ban kashe ba. Na fito na bar ta tana aiki, na miƙa masa kwalin, na faɗa masa abin da Oga ya ce. Na shirya baƙaƙen maganganu tun daga Kabong, amma da na ga fuskarsa duk suka gudu. Ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, ya daɗe a haka. Sannan ya ba mutumin haƙuri ya sallame shi.

Yaya bai iya ba da haƙuri ga na ƙasa da shi ba, ban kuma sa rai ba. Ya goge kwalin da gefen rigarsa, farar riga kuwa, ya miƙo mini.

"Ajiye shi da kyau. In sanyi ya shigo kai za ka saka mata."