Ranar da Baba Ya Tuɓe wa Ɗan Sanda Takalmi

A shekarun da arzikin mai ya cika titi da sababbin motoci, na raka Baba kasuwar Yankara da tumakinsa. Wani matashin ɗan sanda, baƙo a ƙasarmu, ya tsare mu a bakin hanya.

Baba ya yi abin da ya saba yi wa hukuma tun zamanin 'yan doka. Ya tuɓe takalmansa, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka shi daɗe." Ɗan sandan ya daka masa tsawa, wai ya dube shi. Baba ya ƙara sunkuyawa, don a wurinmu rashin kunya ne ka zuba wa mai iko ido. Shi kuwa sai ya yanke cewa marar gaskiya ne ke ɓoye fuska, tumakin na sata ne. Ya sauke masa kulki a kafaɗa, dattijo da furfurarsa.

Sai da 'yan kasuwa suka shaide mu ya sake mu, ko haƙuri bai bayar ba.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, a hanyar gida ni Baba ya yi wa faɗa, wai na harari hukuma.