Yaya Hajara, Wadda Aka Ce Ta Kawo Tsafin Indiya Badarawa

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar yayata, Malama Hajara. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Na daɗe ban ce komai ba a kan abin da aka yi mata, saboda 'yan uwa na cewa a bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma yau zan faɗa.

Yaya malamar makarantar 'yan mata ce a Kawo. Ba ta cika arba'in ba amosanin gaɓɓai ya kama ta, a shekarun nan da aka karya darajar naira, magani ya yi wuya a asibitoci. Gwiwoyinta suka kumbura, baya ya riƙe. Tsayuwa gaban allo ta zama azaba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne sallah, don sai a kan kujera take yi. Na sha tarar da ita bayan ta sallame tana kallon darduma, hawaye na zuba.

A makarantarsu akwai wata Ba'indiya mai koyar da lissafi, kamar yadda ake da su a makarantun Arewa a lokacin. Ita ta koya wa Yaya motsa jikin nan na a hankali da suke kira yoga: a miƙe gaɓa kaɗan-kaɗan, a ja numfashi, a sake shi ba gaggawa. Ta kuma nuna mata yadda ake danna wasu wurare da babban yatsa, a hannu da ƙasan gwiwa da tafin ƙafa, har ciwo ya lafa. Yaya ta haɗa biyun. Sai ta danna tukuna, in jiki ya saki ta miƙe shi. Ba ta daina zuwa asibiti ba, ba ta kuma taɓa cewa ta warke ba. Amma ta daina dafa bango in za ta tashi.

Matan layinmu a Badarawa suka gani, suka fara zuwa. Bayan la'asar a shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanta: masu ciwon baya, masu jego, tsofaffin da ƙafa ta hana su zuwa barka. Ana yi ana dariya.

Ba a jima ba magana ta fita, ta dawo da wata kama. Wai Hajara na koya wa matan mutane sujada ga rana. Wai ta karɓo tsafin Indiya. Magidanta suka hana matansu zuwa. Da idona na ga an mayar mata da kwanon tuwon sallah ba a buɗe ba, daga gidan matar da ta yi wa jinyar ƙugu.

Dangi suka turo ƙanin mahaifiyarmu, Kawu Sule, daga Kurmin Mashi. Ina nan ya zo. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Ke Hajara, ki naɗe tabarmin nan. Kin ja mana magana a gari."

Yaya ta sunkuyar da kai har ya gama, sannan ta ce, "Kawu, ku yi haƙuri. Da nake sallah a kujera, ban ga wanda ya zo ya tambaye ni ba. Yanzu goshina ya koma ƙasa, ina yi wa Ubangijina sujada kamar kowa, shi ne za a ce na bar Shi? Ba na kiran sunan kowa in ina yi. In akwai saɓo a miƙe ƙafa, a nuna mini, yau zan bari. In babu, wallahi ba zan naɗe ba."

Kawu ya tashi bai sha ruwan da aka kawo masa ba. Har ya koma ga Allah bai sake taka gidan ba, kuma abin ya yi wa Yaya ciwo ƙwarai. Duk da haka washegari ta shimfiɗa tabarminta. 'Yan tsiraru ne suka zo, wasunsu da sunan aron turmi. Haka ta ci gaba har ciwon zuciya ya ɗauke ta.

Yau fa? Duk wayar da ka duba akwai mai koyar da miƙe jiki, likitoci na turo tsofaffi su yi. Jikokin waɗanda suka yi mata ƙazafi na yi a falo suna ɗauka a hoto. Da tana raye, na san dariya za ta yi, ta ce wa yaran su sassauta, gaggawa ta yi musu yawa. Ni ban kai ta haƙuri ba. Har yau babu ko mutum ɗaya da ya zo ya ce mana an zalunce ta.

A watan jiya na je suna a Kawo. Kakar mai jego ta kasa tashi daga tabarma, sai wata budurwa ta durƙusa, ta danna mata ƙasan gwiwa, tana cewa, "Ja numfashi, Hajiya, a hankali." Na tambaye ta inda ta koya.

"Mama, wajen mahaifiyata na koya. Ita ma wai wata malama ce ta koya mata a Badarawa, a ɓoye take zuwa. Ban san sunanta ba."

Na kama hannunta, na ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji.

"Sunanta Hajara. Yayata ce. In za ki koya wa wata, ki faɗa mata sunan."