Badaru Mai Gyaran Rediyo da Fiyanon da Aka Bari

A unguwar Kokoro ta birnin Bangui aka haifi Badaru. Mahaifinsa Badamagare ne mai sayar da goro, mahaifiyarsa kuwa 'yar Bangui ce, shi ya sa yake Hausa a gida, yaren Sango a titi. Yana da ɗan shago a gefen Kasuwar Kilomita Biyar inda yake gyaran rediyo da rakoda. Mutum ne mai raha; ko ba ka kawo gyara ba, kana iya zama a bencinsa ka sha dariya.

A ƙarshen 1996 sojoji suka sake yin bore, gari ya rabu, aka datse hanyoyi. Ana cikin haka naƙuda ta kama matarsa Zulaihat. Da ƙyar ya samo motar da za ta kai su asibiti, amma aka mayar da su daga shingen sojoji. Kafin la'asar ta rasu, ita da abin da ke cikinta.

Da aka share makoki, Badaru bai koma shago ba. Ya kwaso kayan aikinsa ya zube a ɗaki ya tura ƙofa. Bai yi kuka ba, bai kuma yi rigima da kowa ba. Sai dai wanka ya zama masa aiki, magana ta zama nauyi, yakan wuni kwance yana kallon kwanon rufi. Liman ya zo ya yi masa nasiha, ya amsa da “to”. Yayarsa Hureira ce kaɗai ba ta gaji ba. Kullum takan kawo masa tuwon rogo, ta ɗauke na jiya wanda da ƙyar aka taɓa shi.

Cikin kayan da ya kwaso akwai wani fiyano mai aiki da lantarki. Wani makaɗi ne ya kawo gyara kafin rikici, ya tsallake kogi ya bar ƙasar bai dawo ba. Wata rana da hantsi, Badaru ya kwance shi don kawai hannunsa ya gaji da zama. Waya ɗaya ce ta tsinke. Da yake babu wuta, sai ya jona shi da batirin mota, ya danna wani maɓalli a can gefen hagu. Wani sauti mai kauri ya fito, dogo, bai yanke ba sai da ya ɗaga yatsa. Ya daɗe zaune. Tun rasuwar Zulaihat bai ji abin da ya yi daidai da ƙirjinsa kamar wannan ba.

Bai iya kiɗa ba, bai kuma nemi mai koya masa ba. Yakan danne maɓalli biyu ko uku ya bar su suna amo, ya ɗauka a kaset, ya kunna kaset ɗin ya ɗora wani sautin a kai da rakoda ta biyu. Da damina ta sauka, har ƙarar ruwa a kan kwano ta shiga ciki.

Hureira ta saurara daga bakin ƙofa ta ce wannan ai ba kiɗa ba ne, tunda ba a rawa da shi. Amma ta lura ya fara cinye tuwon, sai ta ƙyale shi.

Maƙwabcinsu Idrisu, direban babbar mota mai zuwa Kamaru, shi ne ya fara shigowa. Ƙanensa ya ɓace tun ranar da aka fara harbi, ba gawa ba labari. Ya yi sallama ya zauna a tabarma har kaset ya ƙare.

“Ka buga mini guda,” in ji shi. “A hanya waƙoƙin biki ba sa jiyuwa a kunnena yanzu.”

“Ba shi da daɗi, Malam Idrisu.”

“Ai ba daɗi nake nema ba.”

Don ya samo kaset sabo, dole Badaru ya yi wanka ya fita kasuwa. Mutane suka tare shi da gaisuwa, wata tsohuwa ta kama rigarsa tana faɗa a kan rediyonta da ta rasa mai gyara. Ya karɓa ya ce ta dawo jibi. Haka shagon ya sake buɗewa, ba tare da ya yi niyya ba.

Baƙin cikin bai wuce lokaci guda ba. Da harbi ya sake tashi a tsakiyar 1997, ya koma ɗaki ya yi kwanaki. Amma a wannan karon Idrisu da wasu direbobi suna zuwa su zauna da shi. Sannu a hankali kiɗan ya yi sauƙi, ƙananan sautuka masu zaƙi suka fara shiga, har ya gano maɓallin da ke ba da sautin ganga a fiyanon.

Bai taɓa yin suna ba. Kaset ɗinsa bai wuce hannun direbobi da 'yan unguwa ba. Daga baya ya auri Fiddausi mai sayar da atamfa, wadda tun ranar farko ta gaya masa ita kiɗan nan barci yake sa ta. Suka shirya a kan zai riƙa yi bayan azahar, lokacin da take kasuwa. Sun haifi 'ya'ya mata uku.